IYAKAR DIYYAR DUKIYA A INSHORAR MOTA: Abin Da Kamfani Zai Biya Da Abin Da Zai Saura A Wuyan Mai Mota

Kowane mai mota a ƙasar nan ya san takardar inshora, gama in babu ita ba ya wuce shingen 'yan sanda da kwanciyar rai. Tun ranar 1 ga Fabrairu, 1 ga watan da 'yan sanda suka sa a shekarar 2025 don tsananta binciken wannan takarda, mutane da yawa suka yi ta rububin sayenta. Amma in ka tsai da mutum goma daga cikinsu, akawu ne ko malamin makaranta, ka tambaye su abin da aka rubuta a ciki, da wuya ka sami biyu da za su ba ka amsa. Galibi an ɗauke ta kamar wani haraji ne da a ke biya don a bar mutum ya wuce, a ninke ta, a jefa cikin aljihun mota, sai baɗi.

To, a cikin wannan yarjejeniya akwai wani adadi guda na kuɗi wanda ya kamata kowane mai mota ya haddace shi kamar yadda ya haddace lambar motarsa. Shi ne iyakar abin da kamfani ya yi alkawarin biya in motarka ta ɓata dukiyar wani. Wannan adadi iyakar alkawarin kamfani ne kurum. Bashin da shari'a za ta ɗora maka ba shi da wannan iyaka. Abin da ya haura, daga aljihunka zai fito. Wannan ita ce maganar da mu ke so mu warware wa masu karatu yau.

WANE NE MUTUM NA UKU?

Inshorar da doka ta tilasta ana kiranta inshorar mutum na uku. Dalilin sunan kuwa shi ne, yarjejeniyar tsakanin mutum biyu a ke ƙulla ta: na fari kai mai mota, na biyu kamfanin da ya karɓi kuɗinka. Na uku shi ne duk wani bawan Allah da ba ya cikin cinikin, amma motarka ta taɓa shi, ko ta taɓa abin da ya mallaka. Mai tafiya a ƙasa ne, ko mai wata motar, ko mai shago a bakin hanya, ko ma hukuma mai turakun wutar lantarki da gadoji. Don shi aka yi dokar, domin kada mai mota ya cuci mutum sa'an nan ya buɗe hannuwa ya ce ba shi da ko anini.

A Ingila aka kafa irin wannan tilas tun 1930. Nan ƙasar kuwa an yi dokar a 1945, ta fara aiki a 1950, zamanin da motocin da ke gari guda ba su fi a ƙirga su ba, yawancinsu na Gwamnati ne da En'e da manyan kamfanoni. Wannan doka ta fari rai da jiki ta dame da su, watau wanda aka kashe da wanda aka yi wa rauni. Dokar Inshora ta 2003, a sashe na 68, ita ce ta rubuta cewa kada kowa ya hau hanya da mota sai yana da inshorar da za ta biya ɓarnar dukiyar wani, abin da bai gaza Naira miliyan 1 ba. Kamfanoni suka ɗauki wannan mafi ƙanƙantar adadi suka mai da shi iyakarsu, aka yi ta tafiya a haka shekara da shekaru, mai ƙaramar mota yana biyan Naira 5,000 a shekara.

A watan Disamba na 2022 Hukumar Inshora ta Ƙasa, wadda a ke kira NAICOM, ta fitar da sabon tsari da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2023. Bisa wannan tsari, mai motar hawa ta kansa zai biya Naira 15,000 a shekara, iyakar diyyar dukiya kuwa ta tashi zuwa Naira miliyan 3. Babbar motar ɗaukar kayan haya an yanka mata Naira 100,000, iyakarta miliyan 5. Keke mai ƙafa uku Naira 5,000, iyakarsa miliyan 2. Babur kuwa Naira 3,000, iyakarsa miliyan 1. Mutane sun yi ta ƙorafi a kan cewa kuɗin ya ninka sau uku, amma kaɗan ne suka lura cewa iyakar ma sau uku ta ninka. A shekarar 2025 kuma Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta tattara tsofaffin dokokin nan wuri ɗaya ta maye gurbinsu. Saboda haka adadin da ya shafe ka shi ne wanda ke rubuce a yarjejeniyarka ta bana, sai ka buɗe ka duba.

GA MISALI

Bari mu ƙaddara wani malamin makaranta, yana da 'yar tsohuwar motarsa da inshorar mutum na uku mai iyakar miliyan 3. Wata rana da safe yana gangarowa mararraba sai birki ya ƙi. Ya daki bayan wata babbar motar alfarma, ita kuma ta tunkuɗe wani keke mai ƙafa uku, shi kuwa malam da ya karkata sitiyari sai ya faɗa cikin shagon wani mai sai da kayan masarufi. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo. Aka zauna lissafi. Mu ce gyaran babbar motar ya kama Naira 2,400,000, na keken 700,000, ginin shago da kayan da suka lalace 1,100,000. Jimla ke nan Naira 4,200,000.

Malam zai yi tsammani kowane ɗaya daga cikin mutanen nan uku yana da nasa miliyan 3, tun da babu wanda ɓarnarsa ta kai haka. A'a. Yadda aka saba rubuta sharaɗin shi ne, iyakar ta hatsari guda ce, kome yawan waɗanda abin ya shafa. Kamfani zai biya miliyan 3 a kan su duka, ya rufe littafinsa. Saura Naira 1,200,000 tana nan a wuyan malam, masu dukiya kuwa suna da ikon kai shi gaban alƙali a kanta. In mun auna da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka kafa a 2024, wannan saura ta ci albashin wata 17 da ɗoriya, ba a ci ba a sha ba. Har wa yau ba mu yi maganar motar malam ba, wadda gabanta ya rugurguje. Ita ba ta cikin lissafin ko kaɗan, domin malam ba mutum na uku ba ne. Gyaranta nasa ne shi kaɗai.

Akwai kuma wani abin da ba kowa ya sani ba. Watakila mai babbar motar nan yana da cikakkiyar inshora, irin wadda ke gyara motar mai ita. Sai kamfaninsa ya gyara masa, ya tafi abinsa, malam ya yi ajiyar zuciya ya ce an rabu. Ba a rabu ba. A ƙa'idar inshora, kamfanin da ya biya mutuminsa yakan gaji haƙƙin mutumin nan na bin wanda ya yi ɓarnar. Bayan 'yan watanni sai malam ya ga wasiƙar lauya. Mutum ɗan'uwanka kana iya aika masa dattawa su ba shi haƙuri ya yafe, amma kamfani ba shi da surukin da za a aika masa.

Ya kamata kuma a rarrabe tsakanin diyyar dukiya da diyyar rai ko rauni. Lissafinsu dabam dabam ne. Miliyan 3 ɗin nan ta mota ce da gini da kaya da dabba. In an ji wa mutum ciwo ko an yi asarar rai, wannan wani babi ne a cikin yarjejeniyar, ba a cire shi daga kuɗin dukiya.

ME YA SA AKA YI IYAKA?

Wani zai ce, ai wannan wayo ne irin na kamfani, su karɓi kuɗinka su bar ka a rana. Amma a yi adalci a duba lissafin. In mutum yana biyan Naira 15,000, sai an tara kuɗin masu mota 200 cif kafin a sami abin biyan hatsari guda da ya cika miliyan 3, kuma ba a fitar da albashin ma'aikata da ladan dillalai ba tukuna. Asusun inshora kamar rumbun gayya ne, kowa ya zuba mudu guda don wanda gobara ta faɗa wa. Wanda ya zuba mudu ba zai ce a buɗe masa rumbun ya kwashe duka ba. In kamfani bai san iyakar abin da zai iya fita daga hannunsa ba, ba zai san abin da zai yanka wa kowa ba.

Turawan Ingila sun ga wannan da idonsu. Ranar 28 ga Fabrairu, 2001, kusa da garin Selby, barci ya kwashe wani mutum yana tuƙa Land Rover da asuba, motar ta sauka daga babbar hanya ta gangara ta tsaya a kan titin jirgin ƙasa. Jirgin fasinja ya zo a guje ya buge ta, ya kauce daga titinsa, ya yi karo da wani jirgin ɗaukar gawayi da ke tahowa. Mutum 10 suka mutu. Inshorar mutumin nan ba ta da iyaka, sai da kamfaninsa ya biya fiye da fam miliyan 20 saboda mota guda. Bayan wannan ne kamfanonin ƙasar suka shiga rubuta iyaka a kan ɓarnar dukiya, da yawansu suka tsaya a fam miliyan 20 ga motar hawa. Dokarsu kuwa ta ce kada iyakar ta gaza fam 1,200,000. Watau abin da a can a ke kira mafi ƙanƙanta ya isa sayen motoci masu yawa.

A Amurka kowace jiha da nata adadi, kuma sukan rubuta shi da lamba uku a jere. Jihar Kalifoniya, alal misali, tun daga 1967 ta tsaya a kan 15/30/5. Lamba ta fari dala dubu 15 ce don raunin mutum guda, ta biyu dubu 30 don raunin dukan mutanen da hatsari guda ya shafa, ta uku kuwa dubu 5 don dukiya. Shekara 57 wannan dubu 5 tana nan ba ta motsa ba, alhali kuwa farashin mota ya yi ta hawa har ta zama ba ta isa gyaran ƙofa biyu na sabuwar mota ba. Sai ranar 1 ga Janairu, 2025, aka ɗaga adadin zuwa 30/60/15. Ashe ciwon ba namu ba ne mu kaɗai: doka takan rubuta adadi ta tafi ta bar shi, kasuwa kuwa ba ta tsayawa.

YADDA MILIYAN 3 TA RAME

Nan ne maganar ta fi shafarmu. Kusan duk abin da a ke gyaran mota da shi a ƙasar nan daga waje a ke kawo shi, fitila ne, gilashi ne, bamba ce, ko fenti. Saboda haka ƙarfin iyakar nan da dala ya kamata a auna shi. A shekarar 2003 dala guda tana wajen Naira 130, watau miliyan 1 ta lokacin ta kai kimanin dala 7,700. A farkon 2023, sa'ad da aka ɗaga iyakar, farashin Gwamnati yana wajen Naira 460, miliyan 3 ta zama kimanin dala 6,500. Ka ga ko a ranar da aka ninka ta sau uku ba ta kamo inda ta ke a 2003 ba. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, a cikin 2024 dala ta haura Naira 1,500. A wannan farashi miliyan 3 ba ta fi dala 2,000 ba. Adadin da ke kan takarda bai sake ba, amma abin da zai iya saya ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a ƙasa da shekara biyu.

Motocin ma sun sake. Da, in ka buge bayan mota, mai gyaran jikin mota zai sa guduma ya miƙe ƙarfen, a shafa fenti, magana ta ƙare. Motocin yanzu kuwa a cikin bambarsu akwai na'urorin da ke jin kusantowar abu, a bayansu akwai kyamara, fitilarsu guda ce a haɗe, in ta tsage sai dai a sake ta ɗungum. Wanda ke bin titunan Abuja ko Kaduna ko Kano kullum yana gogayya da motocin da kuɗinsu ya ninka iyakarsa sau ashirin ko fiye. Mota kuwa ba ita ce mafi tsadar abin da ke bakin hanya ba. Akwai taransifoma, akwai famfon gidan mai, akwai tirela cike da kaya, akwai garken shanu mai ƙetare hanya. A ganinmu, iyakar da aka yanka wa manyan motoci ita ce ta fi ban tsoro, gama tanka guda in ta kife ta kama wuta tana iya cinye layin shaguna, miliyan 5 kuwa ba za ta ta da ko shago biyu ba.

ABIN DA BA YA CIKI, DA ABIN DA KE WARWARE ALKAWARI

Ko a ƙarƙashin iyakar ma ba kowace dukiya ce kamfani ke biya ba. Abin da ka mallaka ba ya ciki. In ka ja da baya ka rushe katangar gidanka, kai da magini. Haka kuma kayan da aka ba ka amana ko ka ɗauko a motarka, yawancin yarjejeniyoyi sun fitar da su, domin suna hannunka ne. Ɗan kasuwan da ya loda buhunan wani a motarsa suka ƙone, wannan takarda ba za ta fisshe shi ba; kaya a kan hanya inshorarsu dabam ce. Sa'an nan kamfani ba ya sayen sabo a madadin tsoho. Abin da ya ke nufi shi ne ya mai da mai dukiya inda ya ke kafin hatsarin, saboda haka zai aiko nasa ma'aikacin ya kimanta ɓarnar, ba abin da makaniki ya faɗa da baki za a bi ba.

Akwai kuma sharuɗɗan da in ka karya su kamfani zai nemi zamewa. Wanda ke tuƙi ya kasance yana da lasin, kuma da izininka. Motar ta kasance a kan aikin da aka rubuta mata. Wannan ya shafi ma'aikata ƙwarai, domin mun san akawu da malami da yawa in an tashi daga aiki sukan ɗan yi kabu-kabu don cikon cefane. Motar da aka yi wa inshorar hawa in ta yi ɓarna tana ɗauke da fasinjan kuɗi, kamfani yana da hujjar da zai riƙe. Wanda kuma ya ɗauki direba aiki ya sani, ɓarnar da direban ya yi a bakin aikinsa shari'a takan bi uban gidansa da ita.

Sharaɗin da ya fi wuya ga mutanenmu shi ne na rashin amsa laifi. Mu dai tarbiyyarmu ita ce in ka yi wa mutum ɓarna ka sauko ka ba shi haƙuri, ka ce laifina ne, zan gyara. Jama'a su taru, a yi sulhu a bakin hanya, a tafi garejin da mai motar ya zaɓa. Wannan hali ne mai kyau, ba mu kuma ce a bar gaisuwa da jaje ba. Amma yarjejeniyar ta ce kada ka amsa alhaki, kada ka yi alkawarin biya, kada ka biya, sai da yardar kamfani a rubuce. In ka yanka wa kanka kuɗi a bakin hanya sa'an nan ka kai wa kamfani rasit bayan mako uku, kana iya komowa hannu wofi. Abin da ya kamata shi ne a sanar da 'yan sanda, a ɗauki hoton motocin kafin a gusar da su, a karɓi lambar ɗayan da sunan kamfaninsa, a kuma sanar da naka kamfanin a ranar ko washegari. In kamfani ya yi ta jan ƙafa ba dalili, NAICOM tana da sashen karɓar ƙararraki.

Duk wannan kuwa sai in takardar ta gaskiya ce. An daɗe ana sayar wa mutane takardun jabu a bakin ofisoshin lasin, a karɓi 'yan kuɗi kaɗan a ba su takarda mai hatimi wadda babu kamfanin da ya san da ita. Mai irin wannan takarda iyakarsa sifili ce, ko da an rubuta miliyan 3 da manyan baƙaƙe. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rajistar da a ke kira NIID, inda mutum zai sa lambar motarsa ta waya ya ga ko an shigar da ita. In ba ta fito ba, ka koma wurin wanda ya sayar maka tun kafin wani abu ya faru.

A ƘARA IYAKAR

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, adadin da hukuma ta yanka ƙasan ma'auni ne, ba a hana kowa ya wuce shi ba. Kana iya zuwa wurin kamfani ko dillalin inshora mai rajista ka ce a ɗaga maka iyakar diyyar dukiya zuwa miliyan 5 ko 10 ko fiye, a faɗa maka ƙarin da za ka biya. Yawanci ƙarin ba ya tafiya daidai da ninkin iyakar, domin ƙananan hatsarori su ne suka fi yawa, manya kuwa jefi jefi ne. Ka tambaya a rubuta maka farashin kowane mataki, ka gwada na kamfani biyu ko uku. In an yarda, ka tabbata an rubuta sabon adadin a cikin yarjejeniyar, gama maganar baki ba ta tsayawa gaban alƙali.

Mai cikakkiyar inshora ma kada ya saki jiki. Tsarin 2023 ya ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, watau mai motar miliyan 6 zai biya aƙalla Naira 300,000 a shekara. Wannan kuɗi mai yawa galibinsa don motarsa ne, in ta lalace ko ta ƙone ko an sace ta. Sashen dukiyar mutum na uku da ke ciki yana da tasa iyaka, sau da yawa kuwa ita ce dai miliyan 3 ɗin nan, sai in ya nemi ƙari. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai kamfanonin takaful, waɗanda hukumar ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, suna kuma ba da takardar mota da doka ta yarda da ita. Su ma dai suna da iyaka, tambayar da za ka yi musu ita ce wadda za ka yi wa sauran.

Nawa ya kamata mutum ya nema? Ya dubi hanyar da ya ke bi kullum da irin motocin da ya ke tsayawa a bayansu, ya dubi kuma abin da ya mallaka wanda alƙali zai iya sa a sayar, fili ne ko gida ko ita motar kanta. Malamin da ke zirga-zirga tsakanin ƙauye da hedkwatar ƙaramar hukuma ba ɗaya ya ke da wanda ke kutsawa tsakiyar Abuja kowace safiya ba. Sakatarorin ƙananan hukumomi da shugabannin makarantu masu motar ɗaukar ma'aikata ko ɗalibai su ma wannan lissafi ya hau kansu, gama tsarin 2023 miliyan 3 ya yanka wa motar ma'aikata, abin da ya haura kuwa daga baitulmalin hukumar ko asusun makarantar za a fitar da shi.